Tsohon Star Trek a faifai: ya cancanci kuɗinka? Tambayoyi da amsoshi daga Sakkwato

Tun ranar da wasu abokaina suka hango akwatin faya-fayan Star Trek: The Next Generation a kan kanta a ɗakina da ke Runjin Sambo ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni a majalisa bayan isha'i, wani ya turo saƙon murya, wani kuma dariya kawai ya yi ya ce ashe har yanzu akwai masu sayen faifai a garin nan. Sau biyu na kalli shirin, karo na farko a jabun faifai, na biyu a na asali, saboda haka abin da ke ƙasa maganar wanda wutar ta taɓa ƙona wa hannu ce.

Wai wane shiri ne wannan?

Almarar kimiyya ce mai dogon zango daga Amurka. An fara nuna ta a 1987, aka rufe a 1994. Zango 7 ne, kashi 178, kowane kashi kamar minti 45. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro ta, shi ne dai mai Star Trek na farko da aka yi daga 1966 zuwa 1969. Labarin yana faruwa a ƙarni na 24, cikin wani ƙaton kumbo mai suna Enterprise da ke yawo tsakanin taurari yana cin karo da halittu iri-iri. Jagoran kumbon shi ne Kyaftin Picard, wanda ɗan wasan Ingila Patrick Stewart ya fito a matsayinsa. Akwai injiniya makaho Geordi La Forge, wato LeVar Burton, wanda dattawan da suka kalli Roots ta 1977 za su tuna da shi a matsayin Kunta Kinte. Akwai kuma wani mutum-mutumi da ake kira Data. Kada a rikice, wannan Data ba ya ƙarewa da tsakar dare kamar wanda muke saya.

Dole sai na fara da na 1966 kafin in gane wannan?

A'a. Kusan shekara 100 ne tsakanin labaran biyu, mutanen ma daban ne. Kuma yawancin kashi-kashin kowanne da labarinsa, ya fara ya ƙare a zama ɗaya.

An ce ba a cika faɗa da harbe-harbe ba. To me ake kallo?

Magana ake kallo, da shawara, da yadda shugaba ke yanke hukunci idan kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wanda ya zo neman ƙarar bindiga kowane minti biyar zai yi gyangyaɗi. Akwai yaƙi, musamman da wasu halittu da ake kira Borg, amma ba shi ne tuwon ba, miya ce.

Bari in kawo kashi biyu. A zango na 2 akwai "The Measure of a Man". Wani masani ya nemi a ba shi Data ya kwance shi gunduwa-gunduwa don ya gano yadda aka ƙera shi, a yi irinsa da yawa. Data ya ce bai yarda ba. Sai aka zauna shari'a: shin shi kayan hukuma ne kamar kujera, ko yana da ikon cewa a'a? Picard ya tsaya masa, aka tilasta wa mataimakinsa Riker, abokin Data, ya tsaya wa ɗaya ɓangaren. Ana tsaka da haka wata mata mai suna Guinan, wadda Whoopi Goldberg ta fito a matsayinta, ta ja hankalin Picard cewa duk inda aka ƙera dubban masu aiki da ba su da ikon ƙi, tarihi ya riga ya san sunan abin: bauta. An nuna wannan a 1989. Yau da kowa ke hira da ƙirƙirarriyar basira a wayarsa, sai ka rantse jiya aka rubuta shi.

Na biyu shi ne wanda na fi so, "Darmok", a zango na 5. Sun haɗu da wata al'umma da na'urar fassara ke iya juya kalmominta amma ba a gane abin da suke nufi, domin duk zancensu ishara ce ga tsoffin labaransu. Idan suna son su ce mu haɗa kai, sai su ambaci jarumai biyu da wurin da suka haɗu suka yi maganin wata dabba. Turawan da ke cikin kumbon suka yi ta kame-kame. Ni kuwa da na kalla tare da wani ƙanen mahaifina, tsohon malamin firamare, ba a kai rabi ba ya ɗaga hannu ya ce, "Ai waɗanga mutane Hausawa ne." Gaskiyarsa. In na ce maka "Bayajida a bakin Kusugu", ka san baƙo ne ya zo ya raba gari da abin da ya dame shi. In na ce wa Basakkwace "Shehu a Gudu", ba sai na ƙara da 1804 ba, ya san hijira ake nufi da sabon farawa. Wanda bai san labarin ba kuwa, ko ka fassara masa kalma-kalma a banza. Wannan kashin kaɗai na maimaita shi ya fi sau biyar, kuma irin wannan maimaicin ne ke sa faifai ya biya kuɗinsa.

Gaskiya ne farkonsa babu daɗi?

Gaskiya ne, ba zan rufa masa asiri ba. Zango na 1 yana tafiya kamar sabon ɗan koyon mota, 'yan wasan ba su gama sanin kansu ba. A ciki akwai "Code of Honor", inda aka nuna wata duniya ta baƙaƙen fata da rawuna, shugabansu ya sace mace don ya aure ta. Duk ɗan Afirka da ya kalla zai ji ransa ya sosu, kuma wasu daga cikin 'yan wasan da kansu sun fito daga baya sun ce wariyar launin fata ce tsagwaronta. Zango na 2 ya fi dama, sai dai kashi 22 ne kawai maimakon 26 saboda yajin aikin marubutan fim na Amurka a 1988, aka kuma rufe shi da wani kashi da aka harhaɗa daga guntayen tsoffin kashi, irin ɗumamen da ba a sa masa mai ba.

Daga zango na 3 ne abin ya kankama. In haƙurinka kaɗan ne, kalli kashin farko don ka san mutanen, ka ɗauki "The Measure of a Man" da "Q Who" a zango na 2, sannan ka tsallaka.

Zan iya kallo da iyali?

Mafi yawansa, i. Babu ashar, jini kaɗan ne, kuma in aka gwada da abin da ake fitarwa yanzu ana iya cewa mai kunya ne. Amma kada ka miƙa wa yara rimot ka tafi masallaci. Akwai kashi irin "Justice" a zango na 1 da shigar mutanen ciki ba ta dace da falon gidan Bahaushe ba, akwai kuma soyayya jefi-jefi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Roddenberry mutum ne da bai ɗauki addini da muhimmanci ba, kuma ra'ayinsa yana leƙowa. A "Who Watches the Watchers" na zango na 3, Picard ya yi magana a kan imani kamar wani abu ne da al'umma ke yarwa idan ta waye. Babba mai hankalinsa zai ji ya wuce, ko ya yi muhawara da allon kamar yadda nake yi. Yaro kuwa yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi. Ni abin da nake yi, na fara kalla ni kaɗai, na ɗiga alama da biro a takardar cikin akwatin. Wannan ma wata fa'ida ce ta faifai: abin da ka ajiye a sama ba ya zuwa hannun yaro sai ka sauko da shi.

Ga masu turi a kowace kwana, ga intanet. Me zai sa in sayi faifai?

Wannan ce tambayar gaske. Mu yi lissafi. Kashi 178 sau minti 45 ya haura awa 130. Kallo kai tsaye a intanet da hoto mai kyau yana iya cin gigabait 3 a awa ɗaya, ka ga ana maganar kusan gigabait 400 ke nan. Ko ka rage ingancin hoton, abin da za ka ci ba kaɗan ba ne. Sannan ga kuɗin rajista na wata-wata, ga sabis da ke yankewa daidai inda magana ta yi daɗi.

Wurin masu turi kuwa arha ne, ban musa ba. Amma tsohon shiri irin wannan ba kowa ke da shi ba, domin kasuwarsu ta Indiya ce da Koriya da fassara. In ma an samu, sau da yawa an matse shi don ya shiga memori, kashi biyu sun ɓace, wani murya ta riga baki. Kuma ranar da memorin ya ce a yi masa fomat, shi ke nan.

Akwai kuma batun mallaka. Kamfanonin kallo ta intanet haya suke ba ka. Shiri na nan yau, gobe yarjejeniya ta ƙare an ɗauke shi. A ƙarshen 2022 HBO Max ta cire Westworld, shirin da ita kanta HBO ta yi. Kuma kada a ɗauka manyan gidaje ba sa yar da kayansu. BBC ta goge kaset-kaset masu yawa na shirinta na almarar kimiyya, Doctor Who, na shekarun 1960 don ta sake ɗaukar wani abu a kansu. Ka san inda aka tsinto wasu? A Jos. A watan Oktoba na 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsoffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi 9 da suka ɓata a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a can, na labaran da aka yi a 1967 da 1968. Gwangwanayen fim da suka sha ƙura a Filato su suka ceci abin da Landan ta goge. Duk lokacin da na kalli kantata sai na tuna da wannan.

Amma in kallo ɗaya za ka yi ka wuce, kada ka saya. Faifai na mai komawa ne.

DVD ko Blu-ray?

A wannan shirin bambancin babba ne, kuma akwai dalili. An ɗauke shi a fim mai faɗin milimita 35, irin na silima, amma a kaset ɗin bidiyo aka yi masa tacewa da haɗa siddabarun hoto, domin talabijin na lokacin iyakarsa ke nan. DVD daga wannan kaset aka kwafo shi, shi ya sa hoton ke da dishi-dishi, launin kamar rigar da ta sha wanki. Daga 2012 zuwa 2014 sai kamfanin CBS ya koma rumbunsa ya zaƙulo asalin fim ɗin, aka sake ɗaukar hotonsa, aka sake haɗa kowane kashi daga tushe. Wannan ne ke kan Blu-ray. Layin hoto 1080 ne, alhali DVD 480 ne ko 576. Za ka ga saƙar rigar Picard da ƙananan tagogin kumbon. A nan ne kuma aka saka doguwar sigar "The Measure of a Man" da hirarraki da waɗanda suka yi aikin.

In talabijin ɗinka ƙarama ce, ko tsohuwa mai ƙeya, DVD ya ishe ka. In babba ce ta bango, DVD zai tona wa kansa asiri. Matsalar Blu-ray ita ce na'urar, ba ta cika kasuwa ba, kuma Samsung da LG duk sun daina ƙera sababbi. Sai dai gidaje da yawa suna da ita ba su sani ba: PlayStation 3 da 4, da 5 mai ramin faifai, duk suna karanta Blu-ray. Je ka duba abin da yaranka ke buga ƙwallo da shi.

Me ya sa gefe da gefen hoton baƙi ne? Faifan ya lalace?

Lafiyarsa lau. Don talabijin mai kusan murabba'i aka yi shi, faɗi 4 tsayi 3. Kada ka matsa maɓallin da ke baje hoto, sai kowa ya koma kamar an zauna masa a ka.

In na sayo daga waje zai yi a na'urata?

Duba bayan kwali kafin ka biya. An raba duniya shiyya-shiyya. A DVD, Amurka shiyya ta 1 ce, Ingila ta 2, Najeriya ta 5. A Blu-ray haruffa ne: A ta Amurka, B ta Turai da Afirka, C ta su Indiya da Sin da Rasha. Ke nan Blu-ray na Ingila shiyyarmu ɗaya, DVD nata kuwa ba haka ba. Ƙananan na'urorin DVD da suka cika kasuwanninmu yawanci ba ruwansu, duk abin da ka zura musu suna ci. PlayStation ce mai tsauri, tana bin dokar shiyya. Kuma lura, shiyyar na'ura tana bin ƙasar da aka sayo ta, ba ƙasar da take zaune yanzu ba. In daga Amurka aka kawo maka ita, Ba'amurkiya ce ko ta shekara goma a Mabera.

Ta yaya zan gane jabu?

A nan aka cuce ni, bari in faɗa dalla-dalla. Shekarun baya na shiga wani shago a cikin gari, na ga kwalaye masu sheƙi, kowane zango a faifai ɗaya. Na ce, "Malam, wannan na asali ne?" Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Alhaji, wanga orijina na, ko a Legas ba ka samun irinai." Na kwashe bakwai. Hoton dai ga shi nan, in kumbo ya gifta sai ya farfashe kamar an zuba tsakuwa, amma na daure. Har na kai ƙarshen zango na 3, inda Borg suka kama Picard suka mayar da shi nasu, Riker ya ba da umarnin a harba, allo ya yi baƙi aka rubuta za a ci gaba. Hannuna na rawa na zura zango na 4. Sai ga shi ya fara daga kashi na uku. Babu na ɗaya, babu na biyu. Masu kallo a Amurka a 1990 wata uku suka yi suna jiran ci gaban, ni na fi shekara biyu. Da na koma shagon, mutumin ya ce ai haka kamfani ya yi shi.

Lissafi kaɗai ya isa ya fallasa su. DVD yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Na asali kashi huɗu yake sa wa faifai ɗaya, shi ya sa cikakken akwatin ya haura faifai 40. Wanda ya cusa kashi 26 a faifai ɗaya, dole ya matse hoton har ya fita hayyacinsa. Juya faifan ka duba cikinsa: wanda kamfani ya buga ruwan azurfa ne, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi ruwan shuni. A zoben tsakiya na asali akwai ƙananan lambobi da haruffan IFPI. Sai rubutun kwali, in ka ga an rubuta sunan ɗan wasa da kuskure ko an manna hoton wani fim daban, ajiye musu kayansu.

To a ina zan samu na asali?

A Sakkwato, da wuya ka shiga kasuwa ka ɗauko shi a kan kanta. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce saƙo. In kana da ɗan'uwa ko aboki da ke karatu a Ingila, ko wani malamin jami'a da zai dawo hutu, roƙe shi ya duba shagunan gwanjo na can, domin Turawa da yawa suna rabuwa da faya-fayansu. Ka ce ya buɗe ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, ya ɗaga kowanne a haske. Oda ta intanet ma tana yi, amma ka haɗa da kuɗin jigila da na kwastan da canjin dala kafin ka yi murna da farashin da ka gani a allo. In kuɗin bai kai na duka ba, sayi zango na 3, 4 da 5 tukuna.

Zafin garin nan da ƙura ba za su kashe su ba?

Za su iya, in ka yi sakaci. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka nesa. Faifai roba ne, yana lanƙwashewa, kuma in ya lanƙwashe babu mai miƙar da shi. Kada ka bar shi a mota, ko bakin taga, ko a kan na'urar da ta yi zafi. Jera su a tsaye cikin kwalayensu kamar littattafai, a ɗakin da ya fi sanyi.

Ƙurar hunturu kuwa na'urar ta fi cuta. Tana shiga ta kwanta a kan idon da ke karanta faifan, sai ka ga ana ta rubuta babu faifai alhali yana ciki. Rufe ta da ƙyalle in ba a amfani da ita. In za ka goge faifai, sa tsumma mai laushi, ka ja daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi da'ira, kuma kada ka goga a gaban rigarka mai sitati kamar yadda muka saba. In an ɗauke wuta faifai na ciki, kada ka sa wuƙa ka ɓalle ƙofar, jira a kawo ko ka tayar da inji. Na'urar ba ta cin wuta sosai, ƙaramin sola yana ɗaukarta da talabijin.

Turancina bai yi ƙarfi ba. Akwai fassarar Hausa?

Faifan kamfani ba shi da Hausa. Yana da rubutun Turanci a ƙasan allo, kuma shi ne babban taimako, domin a jabu rubutun yakan zama shirme ko ya yi gaba ya bar magana a baya. Patrick Stewart ɗan wasan daɓe ne tun asali, yana fitar da kowace kalma tas, Data ma haka. In suka shiga surutun injina da sunayen sinadarai, kada ka wahalar da kanka, yawancinsu ƙirƙira ce, ko Bature bai san su ba.

Sauran fa, Deep Space Nine da Voyager?

Su ma shirye-shiryen Star Trek ne. Na farkon ya yi daga 1993 zuwa 1999, na biyun daga 1995 zuwa 2001. Su ma a kaset aka tace su, amma ba a yi musu wancan gyaran ba, saboda haka DVD ne kawai. In wani ya nuna maka Blu-ray nasu ya ce daga kamfani yake, ka riƙe aljihunka. Deep Space Nine yana da kyaftin baƙar fata, Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, labarinsa a sarƙe yake daga zango zuwa zango, kuma ya fi ɗaukar masu addini da mutunci. Akwai masu cewa ya fi wanda muke magana a kai. Ranar da na ji haushin Picard nakan yarda da su.

Za ka ba ni aro in gwada kafin in saya?

Zango na 1, ɗauki, ko ka daɗe da shi ba zan yi cigiya ba. Sauran kuwa a'a. Faifai na biyu na zango na 6 yana hannun wani abokina tun azumin da ya wuce, kullum muka haɗu sai ya ce yana nan a ajiye, yaransa ne dai ba su tuna inda suka sa shi ba. In kana son ganin "Darmok", zo gida ranar Asabar bayan la'asar. Ka taho da ƙosai, shayi nawa ne.